Sa'a guda ba ta isar mai canjin jirgi

Mai neman tikiti daga Kano zuwa Turai ko Sin yakan tarar da zaɓi biyu, kowanne da ciwon kansa: ko ya canja jirgi a Addis Ababa, Alƙahira ko Doha cikin sa'a guda, ko ya shafe rabin yini a kan kujerar filin jirgi. Dalili shi ne manyan kamfanoni kan tsara jiragensu su sauka a cibiyarsu rukuni-rukuni, su tashi rukuni-rukuni, domin kowane jirgi ya cika da fasinjojin garuruwa da dama. Wanda ya kuskure rukuni sai jiran na gaba.

Kowane filin jirgi yana da mafi ƙarancin lokacin canji, kuma na'urar sayar da tikiti ba ta haɗa jiragen da tazararsu ta gaza hakan. Sai dai an yi awon ne da jirgin da ya sauka a kan kari da fasinja mai ƙarfin ƙafa. Babu hazon hunturu da ke tsare jirage a Kano a cikin lissafin, babu dattijuwar da ba ta iya karanta allon ƙofofi ba. Ƙofar jirgi kuma tun kafin lokacin tashi ake rufe ta. A Amurka abin ya fi tsanani, domin a filin farko ake tantance fasfo, a karɓi kaya a sake miƙa su.

Kamfanoni za su ce fasinjoji ne ke rububin gajeriyar tafiya, kuma wanda jirgi ya bari ana saka shi a na gaba kyauta. Haka ne, amma ga mai tikiti ɗaya kaɗai. Wanda ya yanki biyu daban don sauƙin kuɗi, asarar tasa ce. Jirgi na gaban ma, a hanyar da ba kullum ake zirga-zirga ba, yana iya zama jibi. Dokar Tarayyar Turai ta 2004 ta tanadi wa fasinjan da aka ɓata wa tafiya diyyar Yuro 250 zuwa 600, amma ba ta shafi mai zuwa daga Najeriya a jirgin kamfanin da ba na Turai ba.

Don haka mai tafiya ya yanki tikiti ɗaya har inda za shi, ya bar tazarar sa'a biyu zuwa uku, ya kuma tambayi ejan tun kafin biya ko kamfani na ba da masauki idan jira ya yi tsawo.