Kunun Quaker: mene ne amfaninsa?

A butikan Maradi da Damagaram ana sayar da wani abinci cikin gwangwani, ana ce masa Quaker. Wannan sunan kamfani ne. Tsiron kansa, Faransawa suna kiran shi avoine. Dangin alkama ne. Yana son sanyi, shi ya sa ba a noma shi a ƙasarmu. Kanada da Rasha su ne kan gaba wajen nomansa.

Ina amfaninsa yake?

Amfaninsa yana cikin dusarsa. Ba a surfe shi. Ɓawon waje kaɗai ake cirewa, sai a turara tsabar, a danne ta ta yi faɗi.

In an dama kununsa, yana yin yauƙi. Wannan yauƙi yana rage wani irin kitse na cikin jini, wanda ke toshe hanyoyin jinin zuciya. Tun 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda da haka. Kuma yana sa sukari ya shiga jini sannu sannu. Wanda ya sha shi da safe yakan daɗe bai ji yunwa ba, kuma bayan gida ba ya yi masa wuya.

A yi hattara

Kunun nan abinci ne, ba magani ba ne. Mai ciwon sukari ko hawan jini kada ya bar maganin da lokotoro ya ba shi. In an cika masa sukari, an ɓata amfaninsa. Jinjirin da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai za a ba shi.

Wanda ba shi da kuɗinsa fa?

Kada manomi ya sayar da tiya biyu ta hatsi don ya sayi gwangwani ɗaya. Hatsi da dawa su ma suna da dusa mai amfani, amma wajen surfe ake fid da ita a ba bisashe. In za a yi kunu ko hura, a rage surfe, a wanke hatsin da kyau, a niƙa shi da sauran dusarsa. Wake da kuɓewa kuma suna da wani abu mai aiki irin na yauƙin Quaker. A riƙa sa su cikin tukunya.

Mai hali ya saya ya sha. Maras hali ya duba rumbunsa.