Kasafin gyaran gida a Abijan: takarda da ruwa kafin fenti

Tun daga farkon shekarar 2024, lokacin da hukumar gundumar Abijan ƙarƙashin gwamna Ibrahim Cissé Bacongo ta fara rusau a unguwannin da ta ce suna cikin haɗarin ambaliya da zaftarewar ƙasa, maganar gyaran gida ta zama abin jayayya a tsakanin Hausawan Adjamé da Treichville, musamman 'yan kasuwa da masu sana'a da ke neman abinci a kewayen tashar Bassam, inda motocin Grand-Bassam da Aboisso da kan iyakar Gana suke lodi. Hukumar ta ambaci wurare 176 da take son kwashewa, katafila ta bi ta Gesco a Yopougon da Boribana a Attécoubé, ta isa unguwar mayanka ta Port-Bouët a watan Yuni, ta taɓa tsohon ƙauyen Adjamé a watan Yuli, alhali tun kafin wannan an share gine-gine da dama a gefen layin dogo saboda aikin jirgin cikin birni da zai haɗa Anyama da Port-Bouët ya ratsa Adjamé da Treichville. Ra'ayoyi biyu ne suka bazu a bakin shaguna da ƙofofin masallatai. Wasu suna cewa kada kowa ya sa ko dala a gyaran ɗaki tunda ba a san ranar da katafila za ta iso ba, wasu kuma suna cewa wanda ya zuba siminti da tayil da ƙofar ƙarfe shi ne ba a iya tayarwa cikin sauƙi, in ma an tayar da shi dole a biya shi abin da ya kashe. Ra'ayin farko yana barin mutane cikin ɗakuna masu yoyo, amma na biyun ne ya fi cin dukiyar jama'a, domin an gina shi a kan zaton cewa kashe kuɗi a kan gini yana ba mutum haƙƙi a cikinsa.

Dokar ƙasar Kodibuwa ba ta san wannan zato ba. Mafi yawan baƙin da ke Treichville da Adjamé 'yan haya ne a gidajen taro, wato gida mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya da makewayi ɗaya ko biyu, wanda iyalai da yawa suke zaune a ɗakunansa, kuma dangantakarsu da mai gida tana ƙarƙashin dokar hayar gidajen zama ta watan Yunin 2018, wadda aka shigar da tanade-tanadenta cikin kundin dokokin gini da muhalli na 2019. Dokar ta hana mai gida karɓar fiye da hayar wata biyu a matsayin kuɗin gaba da wata biyu a matsayin kuɗin ajiya, wato kuɗin da ake riƙewa don biyan ɓarnar da ɗan haya zai iya yi, ta kuma wajabta rubuta yarjejeniya, ta hana ƙara kuɗin haya sai bayan shekara uku. Game da gyara kuwa, ta raba nauyi biyu: manyan ayyuka irin su rufi da bango suna kan mai gida, ƙananan ayyukan yau da kullum suna kan ɗan haya, kuma sauya fasalin ɗaki sai da yardar mai shi. Masu shaguna suna ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar da ta daidaita dokokin kasuwanci na ƙasashen Afirka da dama ciki har da Nijar, wadda ta lissafa manyan bangaye da rufi da katanga da ramin masai a cikin nauyin mai gini, ta ba ɗan haya damar neman izinin kotu ya yi gyaran a kan asusun mai ginin idan ya ƙi, ta kuma ba shi damar neman a mayar masa da kuɗin abin da ya gina da izinin mai wurin. A duk waɗannan tanade-tanade abin da ake dubawa shi ne izini, kuma izinin da aka bayar da baki a tsakar gida yakan ɓace ranar da mai gida ya rasu magada suka taru rabon gado.

Duk manomin da ya taɓa noma gonar aro a ƙasar Maradi ko Katsina ya san cewa ba a kai mata taki jaki-jaki, domin amfanin taki yana ɗaukar shekara biyu ko uku yana fitowa, mai gona kuma da ya ga ƙasa ta yi baƙi gero ya yi zangarniya mai kauri sai ya tuna cewa ɗansa ya isa noma. Manomi mai hankali yakan yi shara da noman ciyawa, waɗanda amfaninsu na bana ne, in kuwa zai kai taki sai ya sa dattawa sun shaida shekarun da za a bar masa gonar. Abin mamaki shi ne mutumin da ya san wannan ƙa'ida tun yana yaro shi ne yake zuwa Abijan ya shimfiɗa tayil a ɗakin haya, ya sa silin da tagar gilashi ba tare da rubutu ko shaida ba, sannan ya yi fushi idan aka ƙara masa haya da hujjar cewa ɗakin ya yi kyau, ko aka ce ya mayar da bango yadda ya same shi kafin a ba shi kuɗin ajiyarsa. Saboda haka layin farko a kasafin shekara na ɗan haya ba ya cin kuɗi mai yawa: takarda ce mai sa hannun ɓangarorin biyu, wadda ta fayyace aikin da za a yi, da kuɗinsa, da adadin da za a riƙa cirewa daga hayar kowane wata, tare da adana rasit na kowane buhu da kowane kwano, da hotunan ɗakin kafin aiki da bayansa.

Wanda yake ganin kansa mai gida ne shi ma yana da takardar da zai fara nema. Tun daga 2013 takardar da ke tabbatar da cikakkiyar mallakar fili a birni ita ce wadda ake kira ACD, wato shaidar mallaka ta dindindin da ma'aikatar gini ke bayarwa, kuma takardar da sarkin ƙauye ya sa wa hannu ko rasit ɗin cinikin da aka yi a gaban shaidu ba sa tsayawa a madadinta. Tallafin da gwamnati ta sanar a watan Maris na 2024 ga waɗanda rusau ya shafa a Gesco da Boribana sefa 250,000 ne ga kowane magidanci, ba a ƙidaya tayil ko ƙofar ƙarfe ba, kuma ƙungiyar Amnesty International ta ruwaito a watan Agustan shekarar cewa mutane da yawa ba su ga komai ba. Ƙaramin lissafi yana nuna girman wannan kuɗi: ɗakin sefa 40,000 a wata yana buƙatar 160,000 na gaba da na ajiya, in an ƙara la'adar dillali ta wata guda ya zama 200,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake sefa 75,000 tun daga Janairun 2023. Wannan adadi, wato kuɗin kama sabon ɗaki, ya cancanci a ware shi gefe kafin a sayi gwangwanin fenti ko ɗaya.

Bayan takarda sai ruwa, kuma a nan ne waɗanda suka taso a ƙasar rani mai tsawo suke yin kuskuren tsara ayyuka. Abijan tana samun ruwan sama da ya kai wajen milimita 1,800 a shekara, fiye da ninki uku na abin da Maradi ke samu, kuma tunda milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce, rufin ɗaki mai murabba'in mita 20 yana karɓar wajen lita 36,000 kowace shekara, mafi yawansu a tsakanin Mayu da Yuli. Treichville tana zaune a kan tsibiri mai ƙasa-ƙasa a tsakiyar tafkin Ébrié, wanda ruwan teku yake shiga tun da aka buɗe mashigar Vridi a 1950, don haka iska tana ɗauke da laima da gishiri, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yana kusa. Gishiri yana cin kwanon rufi tun daga ramukan ƙusa, yana ratsa kankare ya isa ga rodi, rodin da ya yi tsatsa kuma yana kumbura ya tsaga simintin da ya lulluɓe shi, abin da ya sa ake ganin dakali da ginshiƙai suna ɓarewa ƙarfe ya fito fili. Daga ƙasa kuma bulo yana tsotso danshi ta ƙananan kafofinsa, danshin ya hau bango ya bushe ya bar farin gishiri da ke tayar da fenti. Wanda ya ga ƙasan bango ya yi baƙi ya rufe shi da tayil bai kori ruwan ba, ya dai toshe masa mafita, sai ya ƙara hawa ya ɓullo a saman tayil ɗin bayan damina ɗaya. Tsarin da ya dace shi ne a fara da rufi da indararo, a bi da magudanar tsakar gida da ramin masai, a gyara wayoyin lantarki da laima ta taɓa, a bar bango ya bushe, sannan a zo ga yaɓe da fenti. Magudana ita ce ta fi wahala a gidan taro, domin kowa yana amfani da ita amma ba wanda yake ganin tasa ce, kuma ledar da ake zubawa a kwatar titi ba ta hukuma ba ce, ta mazauna ce.

Ƙara bene a kan tsohon gini ya wuce gyara, yana buƙatar izinin gini da injiniyan da zai duba harsashi, kuma benen da ya rufta a Treichville a watan Fabrairun 2022 ya hallaka mutane ya isa dalili.

Lokacin aiki shi ma yana cikin kasafi. Babbar damina tana kankama daga Afrilu ko Mayu ta kai tsakiyar Yuli, ƙaramar tana zuwa a Oktoba da Nuwamba, don haka watannin Disamba zuwa Maris su ne na kwance rufi da yaɓe, lokacin da hunturu ke ɗan rage laima. Sai dai waɗannan watanni sun haɗu da wasu buƙatu a shekarun nan, domin azumin 2026 ya kama daga tsakiyar Fabrairu zuwa Maris, babbar salla kuma, wadda ta faɗo a farkon Yuni a 2025, ta matso ƙarshen Mayu a 2026, wato kuɗin rago da na kwano suna fitowa daga aljihu ɗaya a bakin damina, ga kuma kuɗin makaranta a watan Satumba. Magidancin da bai kammala rufinsa kafin azumi ba yakan tarar da kansa yana neman kafinta a tsakiyar Yuni, lokacin da kowa yake nemansa, farashin aikinsa ya hau, kuma ba ya iya buɗe rufi sai da fargaba. Wanda ke cikin adashi zai amfana idan ya nemi kwasarsa ta faɗo a Disamba ko Janairu, ya kuma bar wani kaso a gefe, misali kashi ɗaya cikin biyar, domin ba a sanin halin katakon da ke ƙarƙashin kwano sai an ɗaga shi.

Akwai wata al'ada da ke da amfani a gida amma take cutarwa a bakin teku, ita ce tara siminti buhu-buhu a matsayin ajiya don gudun hauhawar farashi ko gudun kada kuɗi ya narke a hannu. Siminti yana ƙarfi ne ta hanyar haɗuwa da ruwa, kuma ba ya bambanta ruwan kwaɓi da laimar iska, saboda haka buhun da ya yi watanni a ɗaki a Treichville yana dunƙulewa ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa ko da ba a buɗe shi ba. Abin da ya fi dacewa a tara shi ne kuɗin, a asusun waya ko na banki da aka keɓe wa aikin, a sayi siminti a makon da magini zai fara. Haka nan yashi mai arha da aka ɗebo daga wurin da ruwan gishiri ke taɓawa yana shigar da tsatsa cikin gini tun ranar farko. Cinikin magini kuma ya fi tsafta idan aka raba kuɗin aiki da na kaya, aka biya shi kashi-kashi bisa abin da ido ya gani an gama.

Baƙo a Abijan yawanci gida biyu yake riƙe da su, ɗakin haya a nan da ginin da yake ɗagawa sannu a hankali a Tawa ko Damagaram ko Sakkwato. Ɗan Nijar yana da sauƙin cewa sefa ɗaya ce take aiki a ƙasashen biyu, domin ficewar Nijar daga ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka a Janairun 2025 ba ta fitar da ita daga tarayyar kuɗin ba, ɗan Najeriya kuwa sai ya sa canjin naira cikin lissafinsa. Hankali yana nuna cewa kuɗin ƙawa ya tafi inda mutum yake da takardar fili, abin da zai rage a nan kuma ya tsaya a kan lafiya, wato rufin da ba ya zuba, da wayar da ba ta jan wuta, da ragar sauro a taga, domin zazzaɓin cizon sauro da tarin da laima ke jawo wa yara suna cin kuɗin asibiti fiye da na kwano biyar.

Duk wannan lissafi yana rataye ne a kan sanin ko gida yana cikin wuraren da za a kwashe, kuma a nan hukumomi ba su sauƙaƙa wa talaka ba. Sanar da sunayen unguwanni a jarida da Faransanci bai gaya wa mai shayi a tashar Bassam ko layinsu yana ciki ba, kuma alamar jan fenti da ake shafawa a bango takan zo bayan an gama kashe kuɗi. Har zuwa lokacin da za a liƙa taswirori masu nuna iyaka a ofisoshin magajin gari na Adjamé da Treichville, a kuma yi bayaninsu da harsunan da ake ciniki da su a kasuwa, shugabannin al'ummar Hausawa da limamai su ne suka fi cancanta su je sashen fasaha na ofishin magajin gari su tambayi matsayin kowane layi a rubuce, kafin watan Disamba ya kama magina su fara karɓar kuɗin kafin alƙalami.