Zaɓen Ɗan Wasa a Fim ɗin Tarihin Mawaƙi

Fim ɗin tarihin rayuwa shi ne wanda ake gina labarinsa a kan mutumin da ya taɓa rayuwa a zahiri. Idan mutumin mawaƙi ne, zaɓen wanda zai fito a matsayinsa yakan yi wuya ƙwarai, domin masu kallo sun riga sun san fuskarsa, sun kuma haddace muryarsa. Su kuwa masu zuba jari sun fi son fitaccen ɗan wasa, saboda sunansa ne ke jawo kasuwa. A nan ne buƙatar kasuwa kan yi karo da buƙatar labari, kamar yadda misalai biyu daga Amurka za su nuna.

Misali na farko shi ne fim ɗin Ray, wanda ya fito a shekarar 2004. Labarin Ray Charles ne, mawaƙin da aka haifa a jihar Jojiya a 1930, ya kuma makance yana ɗan shekara 7. Daraktan fim ɗin, Taylor Hackford, ya zaɓi Jamie Foxx, wanda a lokacin an fi saninsa da wasan barkwanci. Foxx ya koyi kiɗan fiyano tun yana yaro, har ya yi karatun kiɗa a jami'a. Kafin a fara ɗauka, an haɗa shi da Ray Charles, suka zauna suka yi kiɗa tare, mawaƙin ya amince da shi. A lokacin ɗaukar fim ɗin kuma, an riƙa liƙe masa idanu na tsawon sa'o'i, domin tafiyarsa da lalubensa su kasance na wanda ba ya gani.

Abin lura a nan shi ne yadda aka warware matsalar murya. Yawancin waƙoƙin da ake ji a fim ɗin da muryar Ray Charles ce ta ainihi. Aikin ɗan wasan shi ne ya daidaita motsin bakinsa da yatsunsa da rangajin jikinsa da abin da kunne ke ji. Wato an bar wa mai murya muryarsa, ɗan wasa ya ba da jiki. Mawaƙin ya rasu a watan Yunin 2004, 'yan watanni kafin fitar fim ɗin, Foxx kuma ya sami lambar Oscar ta gwarzon ɗan wasa a 2005.

Misali na biyu ya sha bamban. A 2016 aka fitar da fim ɗin Nina, a kan mawaƙiya Nina Simone, wadda ta rasu a 2003. An ba Zoe Saldana wannan matsayi, bayan ta yi suna a duniya da fim ɗin Avatar na 2009. Sai dai Saldana ta fi Simone hasken fata nesa ba kusa ba, don haka aka shafa mata kwalliyar da ta duhunta fatarta, aka kuma ɗora mata hancin roba. Wannan ya jawo suka mai zafi, har daga 'yar mawaƙiyar. Hujjar masu sukar tana da ƙarfi. Baƙar fatar Simone da siffar fuskarta suna cikin jigon tarihinta, domin a kansu aka ƙyamace ta, kuma ta yi waƙoƙin gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙen fatar Amurka. Ke nan, a labarin da launi ne ƙashin bayansa, an tsallake 'yan wasa masu irin launinta an ɗauko mai suna. A 2020 Saldana ta fito fili ta nemi gafara, ta ce bai kamata ta karɓi matsayin ba.

Manazarci zai lura cewa an yi wa 'yan wasan biyu kwaskwarima a fuska, amma ba manufa ɗaya aka nufa ba. Liƙe idanun Foxx ya ƙara wa wanda ya riga ya iya kiɗan mawaƙin abin da ya rage masa ne, alhali kwalliyar Saldana an yi ta ne don a rufe giɓin da zaɓen kansa ya haifar.