Rumbun Malam

Tambaya ce ƙarama ta kai ni wani ƙauye a arewacin ƙasar Daura, dab da kan iyakar Nijar: me ya sa rumbunan ƙasa, waɗanda a dā matafiyi yakan hango jinkarsu tun kafin ya hango gidajen gari, suke ta ƙarewa, har manomi ya gwammace ya sussuke hatsinsa tun da kaka, ya ɗura a buhu, ya jingine a ɗaki? Mai gari ya tarye ni da fura da ruwan randa. Da na faɗi buƙatata sai ya nisa, ya ce ai na makara, domin wanda ya fi kowa sanin sha'anin rumbu a garin ya riga mu gidan gaskiya, ko sadakar arba'in ba a yi ba. Amma rumbunsa yana nan, iyalinsa ma suna nan.

Bayan mun yi ta'aziyya a zaure, babban ɗan marigayin ya shigar da ni ya nuna mini rumbun. An gina shi da jar ƙasa da aka cuɗa da ciyawa, an ɗora shi bisa duwatsu don kada laima da gara su same shi, bakinsa kuwa yana can sama ƙarƙashin jinka, ba a kai gare shi sai da tsani. Ya ce gero muddin yana jikin zangarniyarsa yakan yi shekaru a ciki bai yi komai ba, alhali wanda aka sussuke ƙwari kan far masa kafin damina ta zagayo. Dalilin ƙarewar rumbu kuwa bai ja shi da tsawo ba: gandu ya watse, kowa yana noma nasa, taki sai da kuɗi, buhu kuma ya fi dami sauƙin kaiwa kasuwa. A nasu gidan ne kaɗai aka ci gaba da gandu, uba da 'ya'yansa magidanta a gona ɗaya, kowa da 'yar gayaunarsa a gefe, kuma ba a taɓa jefa dami a rumbu ba sai Malam, wato marigayin, ya tsaya ya ƙirga ya ware ushirin zakka tun a bakin gona.

"Ni ne ɗan fari," in ji shi, "har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba. 'Kai wannan' yake ce mini. Amma ban taɓa kwana da zazzaɓi na farka ban gan shi zaune a ƙofar ɗaki ba."

Na yi niyyar sallama daga nan, sai aka ce tsohuwa, matar marigayin, ta ji an zo tambayar rumbu, tana da magana. Tana cikin takabarta ta wata huɗu da kwana goma, saboda haka na zauna a waje, ita tana daga ciki bayan asabari, ba na ganin komai sai hannunta da carbi.

"Ɗan nan, ka san shekarar da aka canja kuɗi?"

Na ce, "Na sani, Inna, 1973, da naira ta maye gurbin fam."

Ta ce to a daminar wannan shekara ruwa ya ɗauke gero bai gama ido ba, dabbobi suka yi ta faɗuwa, mutane suka riƙa gangarowa daga arewa da ƙorai babu komai a ciki. Ita tana goyon fari, ga uwar miji, ga ƙannen miji ƙanana da mahaifinsu ya rasu ya bari, duk a wuyan mutum ɗaya. Al'adar wurin kuwa mace ba ta leƙa rumbu. Maigida ne yake hawa bayan sallar asuba ya fid da abin da za a ci. Haka Malam ya ci gaba da yi, kullum safiya ya jingina tsani ya hau ya miƙo mata, har rani ya wuce bazara ta shigo. Sai dai ta lura dami ya daina fitowa, tsaba ce yake miƙowa a ƙwarya, da ta tambaya kuwa sai ya ce ya sussuke ne don ya rage mata wahala saboda goyo.

"Wani dare yaro ya tashe ni, na leƙa, ga farin wata kamar rana. Sai na ga Malam a kan tsani da ɗan ƙunshi a kafaɗa, yana zurawa a ciki. Nan na gane rumbu ya daɗe da ƙarewa. Igiya yake tufkawa, ya yi itace, ya taka har kasuwa ya auno mudu, ya ɓoye a zaure sai dare ya raba. Jakinsa da ya ce ya ba da aro, ashe ya tafi. Babbar rigar da ya sa ranar ɗaurin aurenmu ma ta bi shi. Da safe ya hau ya miƙo mini, na sa hannu biyu na karɓa, na ce Allah ya ƙara buɗi."

Na ce, "Inna, ba ki taɓa gaya masa kin gani ba?"

"Haba, ɗan nan! Mutum ya rufa mini asiri ni in tona nasa? Shekara hamsin da ɗoriya muna tare bayan nan, bai faɗa ba, ban faɗa ba. Ko 'ya'yansa yau suka fara ji." Ta ƙara da cewa duk tsananin nan akwai dami ɗaya na iri da ya rataye a ɗakin uwarsa, bai yarda an taɓa ko zangarniya ɗaya ba, da shi aka yi shuka da ruwa ya dawo.

Ni da na zauna gaban malamai a zaure muka karanta babin nafaƙa a Risala ta Ibn Abi Zaid, na san abin da shari'a ta wajabta wa miji na ci da sha da sutura da muhalli gwargwadon hali. Amma ban ji an wajabta masa ya ɗauke wa matarsa fargabar gobe ya haɗiye shi kaɗai ba, kuma a ganina wannan tsohon, wanda aka ce karatunsa bai wuce izu kaɗan ba, ya yi ihsanin da ya zarce wajibi nesa ba kusa ba. Babban ɗan nasa yana tsugune gefena, ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke, bai ce uffan ba.

Muna cikin haka wata 'yar jika, ba ta fi shekara biyar ba, ta zo ta tsaya a kaina, ta ce ko na ga mijinta a hanya, domin ya tafi bai ba ta goribar da yakan ajiye mata a aljihu ba. Amarya yake kiranta, kamar yadda kakanni kan yi wasa da jikoki. Daga bayan asabari kakarta ta ce, "Kishiya, zo nan," yarinya ta ruga.

Ba a riga an raba gado ba. Tsohuwa ta ce tumuninta na gona a ba ta duk inda aka ga dama, abu ɗaya ta roƙi 'ya'yanta, kada a rushe rumbun tana da rai. Sun amsa mata. Jinkarsa dai ta tsufa, tana buƙatar sabuwa kafin ruwan farko, kuma Malam ne yake yin ta da hannunsa.