Kafin a sayi sabon batir, a nemo abin da ya cinye tsohon

Watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, su ne watannin da batirin mota ya fi shan wahala. Duk mai sammakon zuwa tasha ya san abin da muke nufi. An gama lodi tun asuba, buhunan albasar Galmi da kwandunan mangwaro sun hau, mata sun biya kuɗin mota sun zauna, direba ya murɗa makulli, sai a ji ƙas-ƙas-ƙas, daga nan shiru. Kafin a tara yaran tasha su tura, ko a samo batirin aro, hantsi ya dubi ludayi, waɗanda suka riga isa kasuwa sun kama masu saye. Direba ya yi asarar sawu ɗaya, amma mai kayan gwari ita ce ke kwana da babbar asara, domin kuwa tumatir da ɗanyen kifi ba su san uzuri ba.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, sau da dama idan mota ta ƙi tashi, sai mai ita ya garzaya kanti ya zuba jikkuna ya sayo sabon batir, bayan mako biyu ko uku kuma a koma gidan jiya. Sai a ce batirin jabu ne. Wani lokaci haka ɗin ne, to amma sau da yawa laifin yana cikin motar, ba a batir ba.

Yadda abin yake aiki

Batirin mota tsohuwar fasaha ce, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yanzu tushensa bai sake ba: farantan dalma ne a cikin ruwan asid. Yana da ɗakuna 6, kowane yana ba da wutar da ta ɗan ɗara volt 2, shi ya sa ake ce masa mai volt 12. Babban aikinsa guda ne, wato ya ba demarar (wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce ma kik) ƙarfin juya inji na ƴan daƙiƙu. Da zarar inji ya tashi, altarnatar ne ke karɓar aiki, shi ke ciyar da fitilu da rediyo da sauran kayan wuta, ya kuma mayar ma batir abin da aka ɗiba.

A lissafin kasuwa, batir shi ne jari, altarnatar shi ne ciniki. In ana ɗiba kullum ba a mayarwa, ko jarin ya kai nawa sai an ga ƙarshensa.

Zafi kuma na cin nasa rabo. Yana ƙafar da ruwan ciki, yana hanzarta lalacewar farantan. Masana batir suna da wani lissafi cewa duk ƙarin zafi na kusan digiri 10 bisa digiri 25 yana iya rage rabin kwanan batir. Saboda haka batirin da zai yi shekara huɗu ko biyar a Turai, bai cika kai haka a ƙasarmu ba, balle wanda ya zo cikin motar da ta riga ta sha aiki a can. Wani batirin kuma bazara ce ke yi masa illa, amma ba ya nuna wa sai da sanyin asubar hunturu.

Awo kafin ciniki

Babu ƴar kasuwar da ke sayen gero ba tare da an auna mata a tiya ba. Haka ya kamata a yi da batir. Masu gyaran wutar mota suna da ɗan ma'auni mai wayoyi biyu, ja da baƙa, kuma awon ba ya ɗaukar minti biyar. Ga lambobin da ya kamata mai mota ya riƙe a ka.

Idan mota ta huta, inji a kashe, cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6. In ya nuna 12.2, rabi ya rage. In ya yi ƙasa da 12, ya kusa zama fanko, amma wannan bai nuna ya mutu ba, sai a yi masa caji a sake aunawa. Lokacin da ake murɗa makulli, bai kamata ya faɗi ƙasa da 10 sosai ba. In ya faɗi alhali an cika shi da caji, to ya gaji. Bayan inji ya tashi kuwa, ma'auni ya kamata ya nuna tsakanin 13.8 da 14.5. In ya tsaya a 12 da ɗoriya, altarnatar ba ya caji, kuma ko batir goma aka saya duk haka za su ƙare. In ya haura 15, cajin ya yi yawa, yana dafa batirin ne, za a ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, wani lokaci har cikinsa ya kumbura.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke kwaikwayon mutuwar batir. Na farko, kawunan batir da suka yi sako-sako ko suka tara farin gari. A wanke su da ruwan ɗumi da ɗan bikarbonat, ba tare da ya shiga ciki ba, a goge, a ɗaure, a shafa giris. Na biyu, bel ɗin da ke juya altarnatar, in ya saki yakan yi ƙara da safe kuma caji ya ragu. Na uku, wayar da ta haɗa batir da jikin mota, wadda ƙura da tsatsa da girgizar hanyar ƙauye kan ɓata. Na huɗu shi ne ɓarawon dare: rediyo ko ƙarin fitilu ko wurin cajin salula da aka jona kai tsaye a batir, suna tsotsa har gari ya waye. Ita kuma jar fitila mai hoton batir da ke gaban direba, in ta kama ana cikin tafiya, ba batir take ƙara ba, cewa take caji ya tsaya.

Al'adu biyu masu tsada

Muna jan hankalin masu motoci kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a gareji, wato cire kan batir inji na aiki, wai don a ga ko altarnatar na caji. A tsofaffin motoci ana tsira, amma motocin yanzu suna da kwamfuta, kuma wutar da ke tashi a wannan lokaci tana iya ƙona ta, gyaran kuwa ya ninka kuɗin batir. Ta biyu ita ce idan fizibil ya ƙone a maye shi da guntun waya ko takardar kwalin sigari. Fizibil mai gadi ne, yana ƙonewa ne don kada wayoyin mota su kama da wuta. In ya sake ƙonewa, a nemo inda waya ta goge, a sa wani mai lamba irin tasa.

Idan saye ya zama dole

A dubi lambar Ah da ke jikin tsohon batir, ita ce girman cikinsa. Ƙananan motoci irin na taksi sukan ɗauki 45 zuwa 60, masu gazuwal irin su Hiace da Hilux sun fi son 70 zuwa sama. A dubi ɓangaren da alamar (+) take, domin in ta saɓa waya ba za ta kai ba, kuma juya kawunan na iya ƙona altarnatar nan take. A tambayi ranar da aka ƙera shi, saboda batirin da ya daɗe ajiye cikin zafin kanti ya fara tsufa tun ba a ɗora shi ba. A sa a auna shi a gaban mai saye, a karɓi takardar shaida mai kwanan wata. Manyan motoci masu volt 24 batir biyu gare su, kuma tare ake sake su, in ba haka ba tsohon zai ja sabon ƙasa.

Wajen cirewa, a kashe mota, a fara kwance wayar (-), sannan ta (+). Wajen ɗorawa a fara da (+), a ƙare da (-). A ɗaure batirin da ƙarfensa, kada a bar shi yana rawa. A nisanta sigari da ashana, domin batir na fitar da iska mai fashewa. In asid ya fallatsa a ido, a yi ta zuba ruwa na akalla minti 15, a wuce likita.

Batir mai murafai a riƙa duba ruwansa kowane wata, musamman da bazara. In ya ragu, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ko na famfo ba. Masu sauke batirin mota don kunna fitila ko fanka a rumfa idan an ɗauke wuta, su sani ba a yi shi don a zuƙe shi ƙarƙaf ba. Na hasken rana daban ne.

Tsohon batir ba kayan wasa ba ne

Wannan saƙon na iyaye mata ne musamman. Dalmar da ke cikin batir guba ce, kuma yara ƙanana ta fi kamawa. A unguwar Thiaroye da ke gefen birnin Dakar na Senegal, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu sakamakon gubar dalma, a wurin da aka daɗe ana fasa tsofaffin batura, inda mata ke tankaɗe ƙasar wurin suna tsintar dalma don sayarwa. Saboda haka kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko wurin girki, kada a ajiye shi cikin rumfar abinci. A miƙa shi a rufe ga mai kanti ko masu sayen tsofaffi, sau da yawa ma akan sami ragi a kuɗin sabon.

Ƴan kasuwar da ke ɗaukar shatar mota, babu laifi ku tambayi direba tun daren jajibirin kasuwa ko motarsa na tashi da makulli. Ku kuma masu motoci, ku kai a auna kafin zafi ya kankama. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.