Bindiga a Cikin Mota: Tambayar da Ake Yi a Iyakar Kanada

Ba'amurken da ya ɗauri aniyar zuwa Alaska a kan titi ba shi da mafita sai ya ratsa Kanada. Alaska jihar Amurka ce, amma Kanada ta shiga tsakaninta da sauran jihohin. Babban titin da ke kaiwa can, wanda sojojin Amurka suka sare daji suka shimfiɗa a 1942, ya taso daga garin Dawson Creek, ya yi tafiyar fiye da kilomita 2,000 kafin ya dire a Delta Junction. Mafarauta na bin sa, da sojojin da aka sauya wa wurin aiki, da tsofaffi masu yawon buɗe ido, kuma da yawansu akwai bindiga a motocinsu. A gida tsarin mulki ne ya ba su 'yancin riƙe ta tun 1791. Da zarar tayar mota ta taka ƙasar Kanada, wannan 'yancin ya tsaya a baya, lasisin jiharsu ma ya zama takarda kawai.

Jami'in kan iyaka zai leƙo ta tagar mota ya tambaya ko akwai makami. A wannan 'yar daƙiƙar ake yin ta ko a ɓata ta.

Wanda ya ce akwai, hanyarsa a buɗe take muddin bindigar ta farauta ce. Akwai fom na baƙi mai lamba 5589 wanda 'yan sandan tarayyar Kanada suka tanada. Matafiyi zai cike shi tun daga gida, ya rubuta samfurin bindigar da lambarta, amma ba zai sa hannu ba sai a gaban jami'in. Zai biya dalar Kanada 25, jami'in ya tabbatar, shi ke nan takardar ta zama lasisin wucin gadi na kwana 60. Dole ya kai shekara 18, kuma dole bindigar ta kasance babu harsashi a ciki. Idan zai bar motar ya shiga cin abinci, sai ya kulle ta a but, in motar ba ta da but ya ɓoye ta inda ido ba zai gani ba, ya rufe ƙofofi. Za a kuma tambaye shi dalili. Farauta dalili ce, gasar harbi ma haka, haka nan wucewa zuwa Alaska ko kare kai daga namun daji a lungu mai nisa. Amma ya ce don kare kansa daga mutane ya riƙo ta, wannan ba ya karɓuwa, kuma nan ne Amurkawa da yawa suke jin abin banbaraƙwai.

Ƙaramar bindiga kuwa, wato fistol, sha'aninta ya fi tsauri. Dokar Kanada ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda aka sake, waɗanda aka taƙaita, da waɗanda aka haramta. Fistol ta fi faɗawa a kaso na biyu, sai da izinin ɗauka na musamman wanda ake nema tun kafin a baro gida. Idan kuwa tsawon bututunta bai wuce milimita 105 ba, haramtacciya ce, babu takardar da za ta halatta wa baƙo shigo da ita.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mutane ke jefa kansu cikin masifa da bakinsu. Wanda ya bayyana bindigar da ba a yarda da ita ba, galibi ana ba shi zaɓi ya juya da abinsa ko ya bar ta a hannun hukuma. Wanda ya ce babu, aka bincika aka tsinto ta a ƙarƙashin kujera, ya zama mai fasa-ƙwauri: a ƙwace bindigar, a iya riƙe motar, a gurfanar da shi, ƙila ma a hana shi sake shiga ƙasar. "Na manta tana ciki" ba ta cika fitar da kowa ba.

Ni dai ban ga laifin Kanada ba. A watan Afrilun 2020 wani mutum ya kashe mutum 22 a lardin Nova Scotia, kuma bincike ya nuna uku daga cikin bindigoginsa daga jihar Maine ta Amurka aka tsallako da su a ɓoye. Ba a yi mako biyu ba gwamnatin Justin Trudeau ta haramta samfurorin bindigogi kusan 1,500, har da AR-15 da Amurkawa ke ji da ita. Iyakar ƙasashen biyu ta kai kilomita 8,891, kuma jami'in da ke tsaye a ƙofa ba ya iya karanta zuciyar mai tuƙi.

Wanda bindigarsa ba za ta wuce ba yana da hanya biyu: ya aika ta ga dillali mai lasisi a Alaska ya tarar da ita a can, ko ya loda motarsa a jirgin ruwan da ke tashi daga Bellingham a jihar Washington, ya kauce wa shingen kan iyaka, muddin jirgin zai kai shi inda ya nufa.