Kafin Ka Sayi Sola a Kurmi, Yi Lissafi Tukuna

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 1999 ba a taɓa jin ɗacin man fetur kamar yadda aka ji bayan 29 ga Mayu, 2023 ba, watau ranar da aka janye tallafi. Daga nan 'yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Fatakwal suka shiga jingine janareto suna komawa ga wutar sola. Amma fa wasu sun zuba kuɗinsu, ga faranti a kan rufi, kafin tsakar dare fanka ta tsaya. Sau da yawa laifin na lissafi ne: an kwaikwayi abin da aka gani a Kano ko Sakkwato, alhali ranar Kurmi daban take.

To, malam mai karatu, abu na farko shi ne ka san cin wutar gidanka. Kowane kayan lantarki akwai ƙarfinsa a rubuce a jikinsa, wanda a ke kira wat. Sai ka ninka wannan da yawan awoyin da ya ke aiki.

Mu ɗauki gida mai ɗaki biyu. Ƙwan fitila 5 masu wat 10, awa 6, ya ba da 300. Fanka 2 masu wat 60, awa 8, ya ba da 960. Talabijin mai wat 70, awa 4, ya ba da 280. Cajin wayoyi mu ce 60. Jimla 1,600 ke nan a yini. Da yake wuta tana ɓacewa a waya da batir da inbata, a kan ƙara wajen kashi ɗaya cikin uku, sai ya kai kamar 2,100.

A nan ne Kudu ta bambanta da Arewa. Rana mai ƙarfi wadda ke cika faranti takan kai awa 6 a can gida. A Ikko kuwa wajen awa 4 ce, a tsakiyar damina ma, Yuni da Yuli, takan sauko kusa da 3. Raba 2,100 gida 6, mutumin Kano farantin wat 350 ya ishe shi. Raba gida 3, sai ka ga na Ikko yana bukatar wat 700, watau faranti biyu. Mai hankali da damina ya ke auna abinsa.

Sai batir, wanda shi ne rumbun wutar dare kuma shi ya fi cin kuɗi. Batir mai ruwa na bolt 12, mai lamba 200, yana ɗauke da 2,400, amma rabi kaɗai ya kamata a sha, in ba haka ba ya mutu da wuri. Saboda haka gidan da muka kwatanta guda biyu zai saya, domin ranar hadari. Na litiyam ya fi tsada, sai dai a kan sha kashi 80 cikin 100 nasa, ya kuma fi daɗewa.

Inbata mai ƙarfin wat 1,000 ta isa wannan gida. Amma in za a haɗa firji, a faɗa wa mai gyara tun farko, domin yakan ja ninki uku ko fiye lokacin tashi. Dutsen guga da hita kuwa a bar wa Nepa.

Har wa yau, galibinmu 'yan haya ne. A nemi yardar mai gida kafin a huda masa kwano, a kafa faranti yana fuskantar kudu inda babu inuwar bene ko ta tankin ruwa, a kuma riƙa goge ƙura da hunturu.

In mai sayarwa ya yanka maka kuɗi bai tambaye ka abin da za ka kunna ba, ka mai da kuɗinka aljihu, ka nemi wani. Allah ya sa mu dace, amin.